Ruwan dam ɗin garinmu: mu sayi inji ko mu gina matatar yashi?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na zo neman shawara ne, ina roƙon waɗanda suka san harkar ruwa su daure su tanka. Ƙungiyar ci gaban garinmu ce ta ɗora mini binciken yadda za mu samu ruwan sha mai tsabta. Mu wajen mutum 3,000 ne, garin kuma a kan dutse yake zaune. Sau huɗu ana haƙa mana burtsatse. Uku ba a tarar da ruwa ba, ta huɗun kuma da zarar watan Maris ya kama sai ka ga yara sun yi ta bugu kafin jarka ɗaya ta cika. Abin da ke riƙe da mu shi ne wani dam na ƙasa a yammacin gari. A nan mata ke ɗiba, a nan shanu ke sha, a nan yara ke wanka. Da damina ruwan yakan koma kamar koko. Bara amai da gudawa ya ɗauke yara biyu a unguwarmu, ɗaya 'yar ƙanwata ce, ba ta cika shekara uku ba.

Mun yi karo-karo, 'yan garinmu da ke Kano da Legas sun taimaka ƙwarai. Yanzu wani ɗan kwangila ya kawo mana takardar wani inji da ke zuwa cikin kwantena, irin na masu ruwan leda amma babba. Kuɗinsa zai cinye kusan duk abin da muka tara. Rabin kwamiti sun ce a saya a huta. Ni zuciyata ba ta kwanta ba. Me kuka gani?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yaran, ya sa masu ceto ne. Ni a asibitin karkara nake aiki, ba injiniya ba ce, amma ga roƙona: kada ku jira sai an gama gini. Damina ba za ta jira kwamiti ba. Tun yanzu kowane gida ya riƙa barin ruwa ya kwanta, a tsiyaye na sama, a tace da kyalle mai tsabta, a ɗiga maganin kulorin irin WaterGuard ko a tafasa na yara. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, akasarinsu a jihohinmu na Arewa. Mun kwantar da mutane a kan tabarmi a baranda saboda gado ya ƙare. Ba na fatan in sake ganin wannan.

Alhaji Mai Taya:
Baban Khalifa, ku sayi injin. Zamani ya ci gaba. Duk masu ruwan leda da shi suke aiki, kuma ruwansu tas yake. Abin da aka ƙera a masana'anta ya fi abin da magini zai haɗa a ƙauye.

Injiniya Bala:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Alhaji, ranka ya daɗe, ka yi mini izini in saɓa maka. Mai ruwan leda daga burtsatse yake jan ruwansa, ruwan da ya riga ya zo garau, yana da janareta, yana da ma'aikaci, kuma kullum ciniki na shigo masa. Wancan inji da tantani yake tacewa, mai ƙofofin da ido ba ya gani, an yi shi ne musamman don cire gishiri da sinadaran da suka narke. Ka tura masa ruwan dam mai laka, tantanin zai toshe cikin ɗan lokaci, kuma ko yana lafiya wani kaso na ruwan zubar da shi yake yi. Shekarun baya an kai ni wani gari in duba irinsa da wata ƙungiya ta bayar kyauta. Na tarar da kwantenar a kulle, ƙura ta rufe allon sarrafawa, mata na wucewa ta gefenta da bokitai zuwa tafki. Wani ɗan ƙaramin famfon zuba magani ne ya ƙone, kuma babu mai sayar da shi a duk jihar.

Baban Khalifa, kafin a yi maganar me za a saya, sai an san ruwan tukuna. Ka samo robobin ruwa guda uku masu haske, ka cika su daga daidai inda mata ke ɗiba. Ka ajiye a inuwa, kada a taɓa. Ka ɗauki hoto bayan awa ɗaya, bayan awa shida, da kuma washegari. In laka ta zauna a ƙasa sama ya yi haske, aikinku mai sauƙi ne. In ya kwana yana nan fari-fari kamar an ɗiga madara, to yumɓu ne mai laushi wanda ba ya kwanciya da kansa, zanen zai canza.

Baban Khalifa:
Na gode Injiniya, gobe da safe zan sa a ɗebo. Amma in ba injin ba, me za mu gina? Ka san kwamiti sai sun ga abin da za su riƙe.

Injiniya Bala:
To bari mu yi lissafi a fili kowa ya gani. Mutum ɗaya lita 20 a rana, wato sha da girki da alwala da ɗan wanke-wanke. Mutum 3,000 lita 60,000 ke nan. Gari kuma ƙaruwa yake, don haka mu yi zanen mutum 4,500, lita 90,000 a rana.

Abin da nake so ku fara tunani a kai shi ne matatar yashi mai tafiya a hankali. Kwatami ne na siminti, a ƙasa bututu masu huji, a kansu tsakuwa, a kan tsakuwa yashi mai laushi wankakke zurfin kusan mita ɗaya, a saman yashin kuma ruwa tsaye kamar mita ɗaya. Ruwan na sauka ne a hankali, kamar santimita 10 a awa. Da wannan tafiyar, kowane murabba'in mita na yashi zai ba da lita 2,400 a kwana ɗaya. Ka raba 90,000 da 2,400, za ka samu murabba'in mita 38 ko kusa. Sai a yi kwatami biyu, kowane mita 4 da mita 5, kamar faɗin falo. Dole biyu, don ranar da ake kankare ɗaya, ɗayan na aiki.

Sirrin abin ba yashin kaɗai ba ne. Bayan mako biyu zuwa huɗu wani yauƙi mai rai yakan fito a fuskar yashin, ƙananan halittu ne da ke cinye ƙwayoyin cuta. Shi ya sa ba a barin matatar ta bushe, ba a kuma zuba mata kulorin daga sama, don zai kashe su. In ta fara toshewa sai a rage ruwan, mutum biyu su shiga da shebur su kankare santimita ɗaya ko biyu. Yashin da aka cire a wanke a ajiye, wata rana za a mayar.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun 1829 James Simpson ya gina wa wani yanki na Landan irinta. A 1892 kwalara ta kashe fiye da mutum 8,000 a birnin Hamburg na Jamus, wanda a lokacin yake shan kogin Elbe ba tacewa. Garin Altona da ke manne da shi daga kogin nan yake sha, har ma a ƙasan inda ƙazantar Hamburg ke zuba, amma yana tacewa da yashi, cutar ba ta yi masa irin wannan ɓarna ba.

Hauwa Kimiyya:
Baba Injiniya, ina tare da kai a kan ƙin kwantena, amma ina da ja a kan matatar yashin. Ita ruwa mai ɗan haske take so. A ma'aunin dagulewar ruwa da ake kira NTU, da ya wuce 10 zuwa 20 ta fara wahala. Ruwan dam da damina kuwa yakan haura ɗaruruwa. In aka zuba mata ruwan da Baban Khalifa ya ce kamar koko, cikin kwanaki za ta toshe, a kankare, ta sake toshewa, yauƙin nan ba zai taɓa samun damar nuna ba.

Akwai wani tsari da nake so zaure ya sani. A Jami'ar Cornell ta Amurka wani malami, Monroe Weber-Shirk, ya fara wani shiri a 2005 mai suna AguaClara, suna aiki da wata ƙungiya ta ƙasar Honduras, Agua Para el Pueblo. Sun gina wa ƙananan garuruwa matatun da ba sa amfani da wutar lantarki ko kaɗan, gangara ce ke tafiyar da komai. Ana ɗiga maganin haɗe laka, ruwan ya bi ta wani kwatami mai shinge-shinge yana hawa yana sauka, wannan juyin ne ke sa ƙwayoyin laka su manne da juna su yi nauyi. Daga nan ya shiga tankin kwanciya mai faranti a karkace, sai matatar yashi mai hawa shida wadda ake wanke ta ba tare da famfo ba, sai kulorin. Har ma'aunin maganin da wani abu mai yawo a kan ruwa yake aiki: ruwa ya ƙaru, magani ya ƙaru da kansa. Siminti ne da bulo da bututun roba, mutanen gari ke gudanarwa, kuma zanen a buɗe yake ga kowa.

Injiniya Bala:
'Yata, maganarki gaskiya ce, kuma na ji daɗi da kika kawo ta. Amma ki duba ƙasar. Honduras tsaunuka ne, ruwa daga sama yake gangarowa gari, dare da rana. Mu dam ɗinmu a kwari yake, gari na sama, ko ta yaya sai an ɗaga ruwan da famfo. Na biyu, tsarin da ke dogara da magani yana buƙatar mutum a tsaye. Aka yi ruwan sama da tsakar dare, lakar ta ninka, dole a lokacin a canza awon magani. Gari mai mutum 3,000 zai iya biyan mutum biyu ko uku su riƙa karɓa-karɓa?

Ni abin da nake sa wa gaban matatar yashi shi ne tankin kwanciya, sai matatar tsakuwa: kwatami uku a jere, na farko tsakuwa manya, na biyu matsakaita, na uku ƙanana, ruwa na shiga ta ƙasa yana fita ta sama. A Kolombiya, wata cibiya mai suna CINARA a birnin Cali ta daɗe tana aiki a kan wannan jeri, kuma ƙauyuka da yawa na sha da shi. Wankinta buɗe bawul ne kawai, laka ta zubo.

Hauwa Kimiyya:
In yumɓu ne mai laushi zai ratsa tsakuwar ya wuce, Baba. Na gani da idona a ɗakin gwaji. Sai alam, wato maganin haɗe laka.

Injiniya Bala:
Haka ne. Amma in za a sa alam, sai a tabbata ya gama kwanciya sarai kafin ruwan ya isa yashi, in ba haka ba guntayensa su ne za su liƙe fuskar matatar kamar an shafa siminti. Shi ya sa na ce mu jira robobin.

Abu Zango:
Salamu alaikum, daga Tamale nake. Matsalarku irin ta ƙauyukanmu ce na arewacin Ghana, ruwan ƙasa da wuya, mutane na shan tafkunan da aka haƙa. Akwai ƙungiyar Saha Global da ke koya wa mata sana'ar tace ruwa. Ba gini ba ne babba. Durom ne na lita 200 a bakin tafki, a cika, a juya alam a ciki, ya kwana. Da safe a kwashe na sama zuwa babban tankin roba, a jefa ƙwayar kulorin, a sayar da araha. Matan ne ke riƙe da kuɗin, su ke sayen magani. Ku fara da wannan kafin damina, kuɗinsa kaɗan ne, kuma zai nuna muku ko mutanenku za su yarda su biya.

Maman Ilham:
Wannan shawarar ta Abu ta kwanta mini. Kuma zai hana yara shiga cikin ruwan. Baban Khalifa, ka tambayi malaman firamare ko yaranku maza na fitsarin jini. In suna yi, tsargiya ce, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba.

Baban Khalifa:
Suna yi, Hajiya. Har wasu iyaye na ɗauka alamar balaga ce.

Ɗan Maradi:
Ina gaida zaure. Ni zan yi magana ne ga waɗanda za su ce a bar dam a ƙara neman burtsatse mai zurfi. Ruwan ƙasa ya fi sauƙin sha'ani, ba musu, amma haskensa ba shaida ba ne. A Tibiri, nan kusa da mu, an haƙa rijiya mai zurfi a shekarun 1980, ruwa garau, kowa na murna. Ashe sinadarin fuloraid ya yi masa yawa, ya ninka iyakar miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Sai da aka yi shekaru kafin a gane, bayan yara da yawa haƙoransu sun yi ja, ƙafafu sun lanƙwashe. Har yau akwai manya da ke ɗauke da wannan. Ko dam ko rijiya, ku kai ruwan ɗakin gwaji. In akwai masu noman rani a bakin dam ɗin suna feshi, ku faɗa wa mai gwajin, don yashi ba ya cire maganin feshi.

Alhaji Mai Taya:
To na ji, na janye maganar kwantena. Amma kulorin ɗin nan fa? Mutanenmu da sun ji wari za su ce an sa musu wani abu, su koma dam. Me ya sa ba za a yi amfani da 'ya'yan zogale ba, tunda muna da shi a kowane gida?

Hauwa Kimiyya:
Alhaji, zogale na aiki, matan ƙauyukan bakin Nilu a Sudan sun daɗe suna daka 'ya'yansa su kwantar da laka. Amma aikin alam yake yi, ba aikin kulorin ba. Kuma ruwan da aka sa masa ba ya son ajiya, in ya daɗe ƙwayoyin cuta na sake hayayyafa. Na gida ne, ba na tankin gari ba.

Warin da ake kuka da shi yawanci daga zuba kulorin da ka ne, ko zuba shi cikin ruwa mai datti. In ruwan ya tacu, kaɗan ya isa. Abin da ake nema shi ne bayan minti 30 a samu saura kamar rabin miligiram a lita, a bakin famfo kuma kada ya gaza 0.2. A ce ana zuba miligiram 2 a lita, ga lita 90,000, da garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 cikin ɗari, bai kai giram 300 a rana ba. Akwai ɗan abin gwaji da ake jefa wa ƙwaya ruwan ya yi ruwan hoda, yaron da ya gama sakandare zai koya a yini ɗaya. Kuma wannan saura shi ke tsare ruwa a cikin jarka da randa, inda moɗa da hannun yara ke shiga.

Malam Na Tsangaya:
Ina bin maganarku tun farko. Abu ɗaya ke damuna, batun sayarwa. An karantar da mu cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Sayyidina Usman sayen rijiyar Ruma ya yi a Madina ya bar wa jama'a. Marayu da tsofaffin da ba su da mai ba su fa?

Injiniya Bala:
Allah ya gafarta Malam, dam ɗin na nan na kowa, ba wanda za a hana. Abin da ake biya ladan mai aiki ne da kuɗin magani da gyara. Duk matatar da na gani ta mutu, ta nan ta mutu: an taru an yi bikin buɗewa, an bar wani bawan Allah yana aiki kyauta, wata uku ya gaji ya tafi ci-rani. A yi lissafin alam ma. In ana sa miligiram 40 a lita, kilo 3.6 ne a rana, buhu mai kilo 50 mako biyu. Kuma da damina ne ake shan magani da yawa, daidai lokacin da ciniki ke faɗuwa saboda mutane na tarar ruwan indararo. Sai an tara na rani an ci da damina.

Malam Na Tsangaya:
To a rubuta sunayen gidajen marasa ƙarfi, masu hali su ɗauke musu a matsayin sadaka mai gudana. In an yi haka ni zan yi bayani a masallacin Juma'a in ina garin, ko in rubuta wa limaminku.

Maman Ilham:
Kuma a sa mata a kwamitin, ba don ado ba. Su suka san ƙarfe nawa ake ɗiba, su za su fara ganin ranar da ruwa ya canza. Inda za a kafa famfunan ma su za a tambaya. In famfo ya fi dam nisa da gida, dam za a koma.

Jikan Ardo:
Ba wanda ya yi maganar shanu. In kuka kewaye dam da waya ba ku yi wa makiyaya tanadi ba, rigima kuka shuka, kuma wayar ba za ta kwana ba. Ku zauna da ardo tun kafin a sa bulo ɗaya. A ja bututu daga ruwan da ba a tace ba zuwa komin shayarwa a ƙasan dam, nesa da inda ake jan na sha. Iyalansu kuma su sayi tataccen kamar kowa.

Baban Khalifa:
Jama'a, na dawo da sakamako. Bayan awa ɗaya wata laka ja ta zauna a ƙasa, kaurin yatsa. Bayan awa shida sama ya ɗan washe. Amma yau kwana biyu ke nan, ruwan na nan fari-fari, in na sa yatsa a bayan robar da ƙyar nake ganinsa. Na jefa ɗan alam kamar ƙwayar gero a roba ɗaya na girgiza, kafin in idar da sallar la'asar ya yi garau, wani abu kamar auduga ya taru a ƙasa. Na kai wa shugaban kwamiti robobin biyu ya riƙe da hannunsa. Ya ce a dakatar da ɗan kwangila. Mun kuma amince mu sayi durom shida da tanki ɗaya mu fara irin na su Abu.

Injiniya Bala:
Alhamdu lillahi. Hauwa ce ta yi daidai, ruwanku sai da alam. Ga yadda nake gani: famfon sola ya ja ruwa da rana, bakin bututun a ɗaure shi da durom mai yawo ya riƙa sha daga kamar rabin mita ƙasa da fuskar ruwa, ba daga taɓon ƙasa ba. Tankunan kwanciya biyu a kan tudu, yau a cika ɗaya a sa alam a juya ya kwana, gobe a sake shi a hankali yayin da ake cika ɗayan. Da haka ba a buƙatar mai gadin magani da dare, kuma matata ba za ta yanke ba ko rana ta faɗi. Daga nan gangara ta kai shi tsakuwa, yashi, kulorin, tankin ajiya, famfuna. A tanadi ramin zuba lakar alam, kada ta koma dam.

Saura abu ɗaya da zai iya rushe duk wannan. Lita 90,000 a rana ya kusa lita miliyan 33 a shekara, ga shanu, ga rana da iska da ke shanye kusan mita biyu na zurfin ruwa a shekara a yankinmu. Ka tambayi dattawa ko dam ɗin ya taɓa ƙafewa, da wace shekara.

Baban Khalifa:
Na tambayi Sarkin Ruwa. Ya ce sau biyu a saninsa, kuma yanzu ya cike da laka, inda da yake shanye mutum tsaye yanzu iyakarsa ƙirji.

Injiniya Bala:
To yasar dam ta shiga kasafi, kafin siminti. Ka sa masunta su shiga da dogon gora su auna zurfi a wuri goma, a rubuta, a sake aunawa a ƙarshen Afrilu. Ka turo mini lambobin tare da tsawo da faɗin ruwan, ko da taku ne aka auna. Hauwa, ke kuma ki rubuta masa yadda zai gwada awon alam da kofuna shida.

Hauwa Kimiyya:
To Baba, yau da dare in sha Allah. Baban Khalifa, ka nemi sirinji sabo mai mililita 10 da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya.